Kwamin Saksifiraga da Ya Lalace Cikin Shekara Guda: Abin da Tono Ya Nuna

Kwamin dutse ne irin wanda a da ake shayar da dabbobi a cikinsa. Tsawonsa kamar santimita 80, faɗinsa 45, zurfinsa bai wuce 20 ba. Yana ajiye a farfajiyar wani gida a yammacin Turai, a yankin da ba tsauni ko kusa, inda zafi ke tsananta daga Yuni zuwa Agusta, hunturu kuma ya zo da ruwan sama fiye da dusar ƙanƙara. Mai shi wata dattijuwa ce da ta daɗe tana renon furanni, ba baƙuwar lambu ba ce. Dasa tsirran tsauni a irin wannan kwami ma tsohuwar al'ada ce a can: tun a shekarun 1920 wani mai renon tsirrai a Ingila, Clarence Elliott, ya yayata ta, masu lambu suka dinga bin gonaki suna sayen tsofaffin kwamaye.

Saksifiraga huɗu ta dasa a ciki, wato wasu ƙananan tsirran tsauni masu fure da ke zama a tsagar duwatsu. Biyu daga cikinsu na rukunin da masu lambu ke kira Kabschia ne, waɗanda ke tasowa curi guda mai tauri, ƙananan kawunan ganye ɗaruruwa a matse da juna, su yi fure tun hunturu bai gama tafiya ba. Ɗaya ita ce 'Jenkinsiae' mai fure ruwan hoda mai haske, ruwa-biyu ce tsakanin Saxifraga burseriana ta gabashin tsaunukan Alps da Saxifraga lilacina ta Himalaya. Ɗayar ita ce 'Gregor Mendel' mai fure rawaya, wadda aka samu daga Saxifraga marginata da Saxifraga sancta, ita wannan ta biyun a dutsen Atos na ƙasar Girka aka san ta. Sauran biyun na rukunin masu ganyen azurfa ne: Saxifraga paniculata da Saxifraga longifolia. Gefen ganyensu na da wasu ƙananan kafofi da ke fitar da ruwa mai ɗauke da sinadarin farar ƙasa, idan ruwan ya bushe sai ya bar farin zane a bakin kowane ganye.

Shekara uku kwamin yana lafiya. A shekara ta huɗu komai ya rikice. A watan Yuni longifolia ta fitar da kara mai tsawon da ya kusa rabin mita, cike da fararen furanni, ba a yi wata biyu ba ta bushe ƙurmus. A tsakiyar Yuli gefe guda na 'Jenkinsiae' ya koma ruwan ƙasa. Dattijuwar ta ga tsiro biyu na bushewa a cikin zafi, ta yanke hukuncin da kowa zai yanke: ƙishirwa ce. Ta fara yayyafa ruwa a kan tsirran kowace yamma, ta haɗa da takin ruwa na furanni don su farfaɗo. Zuwa Oktoba tsakiyar 'Jenkinsiae' ya yi baƙi ya yi laushi. A ƙarshen Fabrairu, lokacin da 'Gregor Mendel' ya kamata ta rufe da rawaya, sai aka ga ƙullin furanninta sun tsaya cak, ganyen ya dushe. Da aka kama curin aka ja a hankali, sai ya taso gaba ɗaya a hannu, babu saiwa ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Paniculata kaɗai ce ba abin da ya same ta.

Tsiro uku sun lalace a kwami ɗaya cikin wata tara, kuma a ido duk launi ɗaya suka yi. Mai su ta ɗauka cuta ce guda ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har tana shirin zubar da komai ta wanke kwamin da magani. Kafin a yi hakan aka juye ƙasar a kan leda aka bi ta tsaf, sai ga dalilai huɗu daban-daban, babu wanda ƙarin ruwa zai warkar, biyu ma ruwan ne ya ƙara tsananta su.

Wadda ajalinta ya zo

Ta longifolia ita ce mafi sauƙi, don ba cuta ba ce sam. Wannan tsiro na bangayen dutsen farar ƙasa na tsaunukan Pirenis ne, tsakanin Faransa da Sifen. Kai ɗaya tak take yi, ta shafe shekaru tana faɗaɗa shi ba tare da ta fitar da 'ya'ya a gefe ba, sannan ta tattara duk abin da ta tara ta zuba a fure sau ɗaya, ta yi iri, ta mutu. Haka halittarta take. Ita ma paniculata kan da ya yi fure mutuwa yake yi, sai dai kafin nan ya riga ya kewaye kansa da ƙanana, shi ya sa ba a lura. Abin da ya kamata a yi wa longifolia shi ne a bar karan ya bushe a tara irin, kuma abin takaici an yanke shi tun yana ɗanye da nufin rage wa tsiron wahala. Ko da an tara, akwai abin lura: tana saurin karɓar garin furen 'yan uwanta, kuma paniculata na fure dab da ita a lokaci guda, don haka abin da zai tsiro mai yiwuwa ruwa-biyu ne. Wanda ke son dogon karan fure ba tare da rasa tsiron ɗungurungum ba, wata saksifiraga ruwa-biyu mai suna 'Tumbling Waters' ta fi masa, domin ita tana ɗan barin 'ya'ya a gefe.

Illar wannan mutuwa a nan ita ce ta ɓatar da hankalin mai lambu. Ta sa ta fara kallon kwamin a matsayin wurin da ake mutuwa da ƙishirwa, makonni kaɗan kafin matsala ta gaskiya ta bayyana.

Ƙunar rana

Tabon 'Jenkinsiae' ya faɗi labarinsa tun a Yuli, da an tsaya an dube shi. A gefen kudu maso yamma yake, gefen da ranar la'asar ke duka a wannan sashe na duniya. Iyakarsa a fili take: nan busasshe, yatsa ɗaya gaba kore shar. Ganyen da suka mutu kuma a bushe suke ƙayau, ba laushi, ba wari. Tsiron da ƙishirwa ta kama gaba ɗayansa yake dushewa, ba ya zaɓar gefe. Wannan ƙuna ce.

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa sai a shekara ta huɗu. Amsar ba a cikin kwamin take ba. A hunturun da ya gabata an sare wata ƙaramar bishiya da ke bayan katanga saboda ta tsufa. Ba wanda ya haɗa saran da kwamin, don bishiyar na da tazara, amma inuwarta ce ke faɗowa a kan wurin daga azahar zuwa la'asar a watannin zafi. Da ta tafi, curin da ya saba da ranar safe kaɗai ya wayi gari yana shan rana yini guda, a kan daɓen siminti mai mayar da zafi.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma ruɗewar tana da dalili. Ana cewa tsiron tsauni mai son rana ne, gaskiya ne kuwa, hasken da ke saman tsauni ya fi na ƙasa ƙarfi. Amma haske daban, zafi daban. Zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a kowace mita 1,000 da aka hau, wato tsiron da ke zaune a mita 2,000 yana cikin iskar da ta fi ta ƙasa sanyi da kusan digiri 13. Dare ma a can sanyi yake yi ko a tsakiyar Yuli, tsiro ya huta. Sannan ita kanta siffar curin dabara ce ta tara ɗumi: kawunan da ke matse suna tare iska, rana na fitowa curin ya fi iskar da ke kewaye da shi ɗumi nesa ba kusa ba. A tsauni wannan ne ke ba shi damar girma cikin gajeren lokacin da yake da shi. A farfajiyar da iska ta kai digiri 30, wannan baiwar ce ke dafa shi.

Ga kuma saiwa. Burseriana, ɗaya daga iyayen 'Jenkinsiae', a tsagar dutsen farar ƙasa take zama, saiwarta ta bi tsagar ta nutse can ciki inda dutse ke da sanyi da danshi kullum. Komai zafin rana a sama, ƙasa na turo ruwa mai sanyi. A kwami mai zurfin santimita 20 da ke zaune a kan siminti, saiwar ma gasuwa take yi. Paniculata ta tsira ne don ganyenta mai kauri ne, kuma tsiro ne da ya saba da wurare iri-iri, daga duwatsun kudancin Turai da Kokeshiya har Norwe, Aislan, Girinlan da arewa maso gabashin Amurka ta Arewa. A ra'ayina duk mai fara renon saksifiraga da ita ya kamata ya fara.

Ruwan yamma da abin da ya biyo baya

Da an yanke ɓangaren da ya ƙone a Yuli, an cike gurbin da tsakuwa, an kafa wani dutse ya tare ranar la'asar, da magana ta ƙare a nan. Curin Kabschia yana iya rufe irin wannan rauni a hankali. Garin neman gira ne aka kusa rasa ido.

Cikin curi ba kore ba ne. Koren bai wuce fatar sama ba, ƙarƙashinsa tarin matattun ganyen shekarun baya ne da tsiron bai zubar ba, manne da siraran rassa. Muddin iska na kaɗawa, sanyi na nan, wannan tari ba ya cutarwa. Amma idan aka jiƙa shi kowace yamma, ya kwana a jiƙe cikin dare mai ɗumi ba iska, to an shimfiɗa wa fumfuna tabarma. Ruɓar ta faro daga inda ƙunar ta riga ta kashe ganye, ta bi rassa ta gangara zuwa wuyan tsiron, wato mahaɗar rassa da saiwa. Da aka buɗa tsakiyar, rassan sun yi baƙi, suna saɓulewa tsakanin yatsu. Takin ruwan ya ƙara dagula al'amari. Sinadarin naitirojin na sa kawunan su miƙe su yi laushi su saki juna, curi ya rasa taurinsa, sabon ganye mai ruwa-ruwa kuma shi fumfuna ta fi so. Tsiron da ya saba rayuwa a ɓarɓashin dutse ɗan abinci kaɗan yake buƙata, kuma ba a ba tsiro taki yana cikin wahala.

Ƙasar da aka juye ta bayyana sauran. An cika kwamin ne da ƙasar tukwane ta kanti, wadda mafi yawanta ruɓaɓɓen gansakuka ne, aka ɗan barbaɗa yashi. Cikin shekara huɗu ta ruɓe ta daddanne, ƙofofin iska suka toshe. Irin wannan ƙasa halinta biyu, duka ba daɗi: idan ta bushe sosai ruwa gangarewa yake yi ta gefe ba ya shiga, idan kuma ta jiƙe sai ta riƙe ruwan kwana da kwanaki. A gindin kwamin an jera fasassun tukwane da niyyar ruwa ya riƙa wucewa. Al'ada ce da ta yaɗu, amma akasin abin da ake nufi take yi. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya faɗa cikin manyan ramukan da ke ƙarƙashinta sai ta cika ta batse, don haka jerin kasko ɗaga jiƙaƙƙen ɓangaren yake yi sama, kusa da saiwa, ya kuma cinye wani abu daga zurfin da dama bai isa ba. Ramin fitar ruwa ɗaya ne, shi ma ya manne da siminti, laka ta toshe shi.

Ya kamata a fahimci wannan da kyau, domin wasu na jin an ce ruwa ya kashe saksifiraga sai su koma hana ta ruwa, su kashe ta ta wata hanyar. Kabschia ba tsiron hamada ba ce. Lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa a tsauni, ruwa kwarara yake yi ta saiwarta ba dare ba rana. Abin da ba ta jurewa shi ne ruwan da ya tsaya, mai ɗumi, wanda ya kori iska daga ƙasa. Ruwa mai wucewa a saiwa, bushewa a wuya: kusan duk aikin renonta ƙoƙarin haɗa waɗannan biyu ne a wuri guda.

Abin da ke ƙarƙashin 'Gregor Mendel'

'Gregor Mendel' na cikin Kabschia masu juriya, ta haye zafin Yuli da ruwan yamma ba tabo. Abin da ya ci ta a ɓoye ya zo. A cikin ƙasar da ke ƙarƙashinta aka tarar da fararen tsutsotsi a lanƙwashe, marasa ƙafa, masu kai ruwan ƙasa, tsawon kowace kusan santimita ɗaya. 'Ya'yan ƙwaron inabi ne, Otiorhynchus sulcatus.

Uwar baƙar ƙwaro ce mai tsawon kamar milimita 9. Ba ta tashi, tafiya take yi da hawa, da dare take fitowa ta gutsuri bakin ganye. Dukkansu mata ne, ba sa buƙatar namiji kafin su hayayyafa, don haka guda ɗaya da ta hau kwami ta isa. Tana zuba ƙwai a ƙasa kusa da gindin tsiro a watannin ɗumi, tsutsotsin su ƙyanƙyashe su yi ta cin saiwa tun daga kaka har ƙarshen hunturu, suna farawa da ƙanana su ƙare da manya har wuya. A cikin sanyi tsiron ba ya jan ruwa sosai, sai ya zauna kore kamar ba abin da ke faruwa. Ranar da ɗumi ya dawo ya nemi ruwan yin fure, ranar asiri ke tonuwa. Ganyen Kabschia sun yi ƙanƙanta a ga cizon uwar a jikinsu, amma da aka duba tukwanen wasu tsirran ado, Heuchera da Bergenia, da ke kusa, bakin ganyensu duk a gutsure yake. Shaidar na nan tun Agusta, a jikin wasu tsirran. Ƙasa mai laushi da danshin da ruwan kowace yamma ya tabbatar kuwa, ita ce irin wadda ƙwai da ƙananan tsutsotsi suka fi rayuwa a ciki.

Yadda aka gyara

Abu na farko da aka yi shi ne ceton abin da ke da rai. Curin da ya rasa saiwa bai mutu ba tukuna, kowane kai da ke jikinsa dashe ne. Aka ɓalle kawunan 'Gregor Mendel' masu kore ɗaya-ɗaya, kowanne da ɗan karansa na santimita ɗaya zuwa biyu, aka tsige matattun ganyen ƙasa, aka soka su cikin yashi mai kaushi mai ɗan danshi har kan ya zauna a kan yashin. Aka ajiye su wuri mai haske da rana ba ta kaiwa, ba a rufe su ruf ba don iska ta riƙa shiga. An fi yin wannan aiki bayan fure ya wuce, amma a nan ba zaɓi. 'Jenkinsiae' kuma aka yanke duk abin da ya yi baƙi har sai da aka isa rassa masu tauri, abin da ya rage kamar rabin zobe ne mai 'yar saiwa. Ita da paniculata aka wanke saiwarsu tas a ruwa, don kada ƙwai ko tsutsa ta biyo. Tsohuwar ƙasar ba a zuba ta a lambu ba, fitar da ita aka yi.

Kwamin aka ɗaga shi a kan bulo huɗu, ramin ya samu sarari, aka rufe ramin da ragar waya. Ba kasko. Aka matsar da shi gefen gabas na gidan, inda yake samun sararin sama da ranar safe, bango ya tare masa daga azahar. Ba ƙarƙashin bishiya ba, don ɗigar ruwa da faɗuwar ganye a kaka ruɓar da curi suke yi, duhu kuma yana hana fure.

Sabuwar ƙasar kashi biyu tsakuwa ce mai kaifi, girman milimita 3 zuwa 6, kashi ɗaya ƙasar lambu mai ɗan yumɓu. Masu reno sun saɓa a kan wannan awo, wasu rabi da rabi suke yi, wasu yashi zalla. A wurin da hunturu ke zuwa da ruwan sama, ina ganin gara tsakuwa ta rinjaya, a biya kuɗinta da yawan ban ruwa a lokacin girma. Ɗan yumɓun nan kuwa yana da amfani, shi ke riƙe danshi da abinci tsawon shekaru ba tare da ya ruɓe ya zaizaye ba.

Babban canjin shi ne yadda aka jera duwatsu. Maimakon a ɗora su a kwance a sama don ado, sai aka samo falalen duwatsu aka kafa su a tsaye, gefe da gefe, gindinsu har ƙasan kwamin, tsakanin kowane biyu tazarar yatsa biyu, aka cusa ƙasa a tsagar. Masu lambun ƙasar Cek ne suka ƙware a wannan salo suka yaɗa shi, Zdeněk Zvolánek na cikin waɗanda aka fi sani da shi. Amfaninsa a kwami uku ne: yana ƙara zurfi tunda duwatsun sun ɗara bakin kwamin, yana tilasta saiwa ta yi ƙasa tana bin fuskar dutse mai sanyi, kuma kowane dutse na da gefen rana da gefen inuwa. Paniculata ta hau can ƙololuwa. Ragowar 'Jenkinsiae' aka dasa ta a gefen arewa maso gabas na dutse mafi tsayi, a karkace, yadda ruwan sama zai zame daga kanta. A ƙarƙashin kowane tsiro aka tura tsakuwa zalla mai kaurin santimita biyu zuwa uku, don kada ganye ko wuya ya taɓa ƙasa.

An kuma sa dunƙulen dutsen tufa guda a kusurwa. Dutse ne mai ramuka da ke samuwa inda ruwan maɓuɓɓuga mai farar ƙasa ya daɗe yana ajiye abin da ya ɗauko. Yana da laushin da ake huda shi, yana tsotso ruwa daga ƙasa idan an binne gindinsa, saiwa kuma tana ratsa jikinsa. Kabschia da ta kama a cikin tufa girmanta a hankali ne, amma curinta ya fi tauri, kuma da wuya tsutsa ta kai ga saiwarta. Aka huda ramuka masu faɗin kamar santimita biyu da zurfin ɗan yatsa, a jira dashen yashi su yi saiwa.

Ban ruwa ya koma wani tsari: a zuba a jikin duwatsu da tsakuwa, ba a kan curi ba, a zuba sosai har ya fito ta ƙasa, sannan a bari sai yatsa ya nutsa cikin tsakuwa ya ji danshi ya ragu. Daga Maris zuwa Mayu ruwa da yawa. A tsananin zafi da sassafe. A hunturu kusan babu, idan ma ruwan sama ya ƙi tsayawa sai a ɗora gilashi a sama a bar gefuna a buɗe, domin a tsauni dusar ƙanƙara ce ke rufe su a bushe, sanyi bai taɓa zama matsalarsu ba.

Ƙwaron inabi kuwa ba a gamawa da shi sau ɗaya. Ana fita da tocila bayan duhu a watannin ɗumi a tsince iyayen, a ƙarshen Agusta zuwa Satumba kuma a zuba nematod, wasu tsutsotsi da ido ba ya gani waɗanda ke shiga jikin 'ya'yan ƙwaron su kashe su. Steinernema kraussei na aiki ko ƙasa ta sauka zuwa digiri 5, nau'in Heterorhabditis kuma sai ta kai kusan 12. Akwai ɗan karo a nan: nematod na buƙatar ƙasa ta zauna da danshi kusan mako biyu, ƙasar tsakuwa kuma saurin bushewa take yi. Sai an dage da ban ruwa a wannan tsakani, ana kiyaye curin, kuma a yi wa tukwanen maƙwabta a rana ɗaya, in ba haka ba daga can za su dawo.

Inda aka kwana

Mafi yawan dashen 'Gregor Mendel' sun yi saiwa kafin zafi ya shigo, kaɗan suka ruɓe. Waɗanda suka kama aka sa wasu a ramukan tufa, wasu a tsagar dutse. A shekarar farko ba su wuce girman kwabo ba, fure ma ɗaya-ɗaya. Curin da aka rasa shekaru ne suka gina shi, shekaru kuma za su mayar da shi, ba takin da zai gajarta wannan. 'Jenkinsiae' ta tsaya cak kusan shekara guda, sannan sababbin kawuna suka fara gangarowa kan tsakuwar da aka cike gurbin da ita. Gurbin longifolia aka bar shi ga sabon tsiro daga iri, wanda ake barbaɗawa a saman tsakuwa ba a binnewa, a bar tukunyar a waje ta sha sanyin hunturu kafin ya tsiro.

Dattijuwar ta so ƙara Saxifraga oppositifolia mai fure shunayya, aka ba ta shawarar ta dakata. Wannan ita ce aka samu a tsibirin Kaffeklubben da ke can ƙuryar arewacin Girinlan, kuma masanin tsirrai Christian Körner ya ba da rahoto a 2011 cewa an gan ta a tsayin mita 4,505 a dutsen Dom na Suwizalan. Tsiron da ya kai nan wajen jure sanyi shi ne ya fi shan wuya a daren Yuli mai ɗumi, kuma ya fi Kabschia son danshi a saiwa. Idan za a gwada ta, kwaminta daban, a gefen arewa na gidan. Wannan kwamin kuma an tanadar masa ragar inuwa da ake ɗorawa a kan sanduna, tazarar taƙi biyu daga tsirran don iska ta wuce, duk ranar da hasashen yanayi ya nuna zafi zai haura digiri 28, a cire ta da zarar ya sauka.